Ruwan da Ba Mu Raɗa wa Suna Ba

A ƙarshen wata damina na je gida Kazage, a gabashin Birnin Gwari, na tarar da gwaggona tsugune gaban randa. Yara sun ɗebo ruwa daga rafi, jawur da shi kamar an dama jar ƙasa. Ta kunce gutsuren alif daga bakin zanenta, ta kaɗa shi a ciki sau uku ko huɗu, ta rufe da faifai. Kafin la'asar laka ta kwanta, ruwa ya yi garau har ana hango gindin randa. Ta cika moɗa ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu, amma na kasa kaiwa baki, domin da safiyar ranar na bi ta saman rafin, na ga samari suna wankin zinare, ruwan wankin kuwa yana gangarowa cikin wanda muke sha.

"Ɗan nan, ko ka ga wani abu a ciki ne?"

"A'a, Gwaggo, ban ga komai ba."

"To sha mana, ai na tace shi."

Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na tarar ba ni da kalmomin. Abin da na sani game da ruwa, da Turanci na san shi, a ajin makaranta a Zariya. Iyakar abin da Hausata ta ba ni shi ne, "Ruwan ba shi da kyau." Ta dubi ruwan, ta dube ni, ta girgiza kai irin na wadda ta tabbatar boko ya ɓata yaro. A wannan musu ita ta yi nasara, kuma bisa hujjar da na kawo mata, ita ya kamata ta yi nasara.

Wannan kunya ce ta haifi wannan maƙala. Da'awata ita ce, daga cikin abubuwan da ke kashe mu a ƙasar Hausa akwai ƙarancin sunaye. Mun tara kowane irin ɓataccen ruwa a ƙarƙashin kalma ɗaya, "datti", mun tara kowane irin gyara a ƙarƙashin kalma ɗaya, "tacewa". Wanda bai bambance cuta ba, ba zai bambance magani ba, wanda kuma bai san sunan haƙƙinsa ba, ba zai iya tsayawa gaban hukuma ya neme shi ba. Laifin wannan talauci ba na gwaggona ba ne. Na ɗora shi a wuyan waɗanda suka yi karatu, ni ma ina cikinsu.

Kalma ɗaya, ruwa uku

A gari irin namu ɓataccen ruwa iri uku ne, kowanne da halinsa. Na farko shi ne ruwan rariya, wato na wanka da wanki da wanke-wanke, mai fita ta ƙasan katanga ya kwanta a lungu. Sabulu ne a cikinsa da maiƙo da guntun tuwo. Illarsa mafi girma ita ce kwanciya, domin a nan sauro ke hayayyafa. Na biyu shi ne ruwan masai, mai ɗauke da ƙwayoyin amai da gudawa da taifot da ƙwayayen tsutsar ciki. Shi ne ke tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa daga shadda zuwa rijiya, ko ruwan sama ya kwaso shi daga bayan gari ya juye a kududdufi. A shekarar 2021 kaɗai cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, mafi yawansu a Arewa. Na uku shi ne ruwan sana'a, kuma a yankinmu sana'ar ita ce haƙar zinare. Dutsen da ake niƙawa kan zo da dalma a cikinsa, masu wanki kuma suna amfani da zaiba, farin ruwan ƙarfen nan mai nauyi da ke kama ƙwayar zinare ya dunƙule ta.

Bambancin na biyu da na uku shi ne bambancin rai da mutuwa. Ƙwayar cuta halitta ce mai rai, saboda haka ana iya kashe ta da tafasa, ko da sinadarin kulorin, ko da zafin rana. Dalma da zaiba ba su da ran da za a kashe. Uwar da ta tafasa ruwa mai dalma ta ƙona itacenta a banza, har ma ta ƙara wa gubar ƙarfi, tunda ruwa ne ke tashi ya zama tururi, ƙarfen yana nan a tukunya. Alif yana tattara laka ya kwantar da ita, yakan ja wani ɓangare na ƙazanta ƙasa, amma babu mai iya rantsewa cewa ya kwashe gubar da ta narke. Gubar kuwa ba ta da launi ko wari. Ruwa mai dalma yana iya fin na rijiyar masallaci haske.

Ba labarin nesa nake bayarwa ba. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sannan Bagega. Ƙurar dutsen zinare ce da ake niƙawa a tsakar gida ta cika ƙasa da dalma, ta shiga cikin yara ta hannu da baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. A shekarar 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu ta kudu, yara 28 suka tafi. A wuraren biyu iyaye sun ga zazzaɓi da farfaɗiya, sun nemi maganin da suka sani, domin cutar ba ta da suna a bakinsu. Ƙasarmu da tasu jijiyar dutse ɗaya ce, sana'armu ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa, amma a wannan karon sai ka fara tambayar wane ruwa.

Zaiba kuma tafiyarta ta fi tsawo. Idan ta kwanta a lakar rafi, ƙananan halittun da ke cikin laka sukan juya ta zuwa wani nau'i mafi guba, ƙaramin kifi ya ci, babban kifi ya ci ƙarami, mutum ya ci babba. Haka ta faru a garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gane cutar a 1956, bayan wata masana'anta ta shekara da shekaru tana zubar da ruwanta a teku. Da sunan garin aka kira yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013, wadda Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 2018. Ruwan dajinmu ba ya tsayawa a dajinmu. Yana bin Mariga da sauran koguna har kogin Kaduna. Mai cin kifi a can bai taɓa ganin ramin zinare ba, amma yana da rabo a cikinsa.

Matakan gyara da sunayensu

Masu cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar wannan ilimi ba, su shiga madafi su ga yadda ake koko. Matakan gyaran ruwa da injiniyoyi ke koyarwa, kusan dukkansu suna da 'yan'uwa a hannun mata.

Mataki na farko a kowace matata shi ne tare manyan tarkace da raga, leda da tsumma da kara. Wannan rairaya ce, kuma sunan da ya dace da shi ke nan. Daga nan a bar ruwa a babban kwandiri ya huta, mai nauyi ya sauka ƙasa, maiƙo ya taso sama, kamar yadda gasara ke kwanciya a tsiyaye ruwan samanta. Wannan kwantarwa ce, abin da ya sauka kuma laka. Idan ana son kwanciyar ta yi sauri sai a zuba alif, ko garin ƙwayar zogale, wanda matan karkara a Sudan suka daɗe suna amfani da shi. Wannan sai mu kira shi dunƙulawa. Nan ne iyakar aikin gwaggona. Ta yi mataki na farko daidai, ba wanda ya taɓa gaya mata akwai na biyu.

Mataki na biyu shi ne cinyewa. Ƙazantar da ta narke a ruwan masai abinci ce ga wasu ƙananan halittu marasa cutarwa, kuma yawancinsu suna buƙatar iska kafin su ci. Daga nan aka samo ma'aunin da injiniyoyi ke taƙaitawa da haruffa uku, BOD, suna jefa shi a taro kamar wata laya. Ma'anarsa ba ta da wuya. A ɗebi ruwa a kwalba, a rufe, a ajiye kwana 5 a ɗumin digiri 20, a auna yawan iskar da halittun suka shanye. Iskar da aka sha da yawa na nufin ƙazanta da yawa. Ni na raɗa masa suna yunwar iska. Ruwan masai ɗanye yakan kai miligiram 200 zuwa 400 a kowace lita, alhali tun 1912 wani kwamitin gwamnatin Ingila ya ba da shawarar kada a saki ruwan da ya wuce 20 a kogi. Ruwa mai tsananin yunwar iska idan ya shiga rafi sai ya shanye iskar da kifi ke shaƙa, shi ya sa ake wayar gari a ga kifaye sun taso ciki sama.

Ana biyan wannan yunwa ta hanya biyu. Akwai hanyar inji, wadda aka ƙirƙiro a birnin Mancesta a 1914: a riƙa hura iska cikin ruwan, a kuma dawo da wani ɓangare na lakar da ke cike da halittun don su ci gaba da aiki, kamar yadda mai nono ke barin ɗan tsohon kindirmo ya kama sabuwar madara. Sunanta laka mai rai. Da ita matatar Wupa ta Abuja ke aiki, kuma tana buƙatar lantarki dare da rana. Akwai kuma hanyar tafkuna. A haƙa tafki mai zurfin mita 3 ko fiye, inda laka ke ruɓewa ba tare da iska ba. Ruwa ya wuce tafki na biyu mai zurfin mita 1 zuwa 2, inda gansakuka ke samar da iska da hasken rana. Ya wuce na uku marar zurfi, inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Tafkin ruɓa, tafkin gansakuka, tafkin shanya. Tafiyar takan ɗauki makonni, ba ta cin lantarki, abin da take so shi ne fili da rana, kuma waɗannan biyu Allah ya hore mana su. Jami'ar Ahmadu Bello tana da irin waɗannan tafkuna a Samaru. Duk wanda ya zo garin da ba shi da wuta yana tallar laka mai rai, ko dai bai san garin ba, ko kwangilar yake so.

A matakin gida ma akwai ƙa'idojin da za a iya faɗa a numfashi ɗaya. Tsakanin masai da rijiya kada ya gaza mita 30, kuma masai ya kasance a gangare, rijiya a tudu. Gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Ruwan rariya a yi masa ramin tsotsa mai cike da tsakuwa. Ramin masai da ya cika a rufe shi kamar shekara biyu kafin a kwashe shi a matsayin taki.

Ruwan zinare kuwa, ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke warkar da shi, domin halitta ba ta cinye ƙarfe. Maganinsa killacewa. A yi wanki nesa da rafi da gida, a haƙa ramin kwantarwa a daɓe shi da yumɓu, a riƙa maimaita ruwa ɗaya maimakon sakinsa, a binne lakar inda yara da dabbobi ba sa zuwa. Sannan a auna rijiyoyin gari a ɗakin gwaji, tunda ido ba shi da hurumi a wannan shari'a.

Su wa nake tuhuma

Ina tuhumar injiniyoyi da jami'an lafiya da suka mai da Turanci katanga. Na taɓa zama a wani taron wayar da kai inda wani jami'i ya shafe awa guda yana jero kalmomin da shi kaɗai ya san ma'anarsu, tafinta kuma yana mayar da kowacce "tsafta". Dattawa suka yi godiya, aka yi addu'a, aka watse, kowa ya koma da abin da ya zo da shi. An rubuta a rahoto cewa an wayar da kan jama'a.

Ina tuhumar masana harshe, malamaina, cikin ladabi. A 1990 aka fitar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad, kuma albarkacin irin wannan aiki ɗalibi yana iya fayyace karin waƙa da ginin jimla da Hausa tsantsa. Aiki ne abin yabo. Amma muna da sunan kowace gaɓa a baitin waƙa, ba mu da sunan da kowa ya sani na abin da ke kashe yaro a randa. Sashen Hausa da sashen injiniyan ruwa suna cikin harabar jami'a ɗaya, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu.

Ina tuhumar hukumomi. Bayan sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1991 aka fitar da dokar da ta tilasta wa kowace masana'anta ta gyara ruwanta kafin ta sake shi, a 2007 aka kafa NESREA. Duk da haka manomin da ke ban ruwa a bakin Jakara ko Calawa a Kano, ƙasa da majemun zamani na Bompai da Sharaɗa, da mazaunin Kakuri da Maƙera a Kaduna, sun san launin ruwan da ke wuce su ba tare da sun san akwai iyakar da doka ta gindaya masa ba. Dokar da aka rubuta da harshen mai laifi, ba a fassara ta zuwa harshen wanda aka cuta ba, rabin doka ce.

Amsa ga masu musu

Za a ce mini, mutumin Birnin Gwari da ya shekara goma yana kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, wanda aka kora daga Damari da ƙauyukan da ke kewaye, ina ruwansa da kalmomi? Na san wannan zafi, a gidanmu ma ya shiga. Amma tun bayan sulhun ƙarshen 2024, da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutane na komawa garuruwansu, ana yasar tsofaffin rijiyoyi, ana haƙa sababbin masai, ramukan zinare na cika da matasa. Yanzu ake yanke shawarar inda kowane rami zai zauna, kuma tun ran gini ran zane. Harsashi yana da ƙara, kowa ya ji shi. Dalma tana cin ƙwaƙwalwar yaro shiru, sai ya isa makaranta a ce daƙiƙi ne.

Za a ce ina son a hana talaka neman abinci. Ba haka ba ne. An haƙi zinare a Tsohuwar Birnin Gwari tun zamanin Turawa, kuma ba takardar da za ta raba mai yunwa da rami. An hana haƙa a Zamfara a 2019, ramukan ba su rufe ba. Abin da nake nema shi ne mai wanki ya san sunan abin da ke hannunsa, domin shi ma 'ya'yansa daga wannan rafin suke sha.

Za a ce suna ba ya wanke ruwa. Gaskiya ne, amma mu dubi makarantun zaure. Duk yaron da ya karanta Ishmawi ya san rabe-raben ruwa: mai tsarki mai tsarkakewa, mai tsarki marar tsarkakewa, da mai najasa, ya kuma san a duba launi da ɗanɗano da wari. Malamai sun kai wannan ilimi kowace bukka, ba rediyo, ba kwangila, domin sun fassara shi kalma da kalma. Hukuncin nan na ibada ne, bai taɓa cewa shi ne ma'aunin guba ba. Mu ne muka ɗora masa nauyin da ba nasa ba, saboda ba a ba mu wani ma'aunin ba. Mu dubi marina kuma. Marinan Ƙofar Mata ba sa kiran lakar rijiyarsu datti. Sukan kwashe ta, su shanya, su ƙona, sunanta katsi, daga gare ta magina ke haɗa laso na shafen soro. Harshen da ya raɗa wa lakar baba suna, har ya mai da ita dukiya, bai gaza raɗa wa lakar masai ba.

Za a kuma ce sunayen da na kawo ba su yi ba. Mai yiwuwa ne. A kawo waɗanda suka fi su, in bi. Musu kan suna alama ce ta cewa an fara kallon abin.

Abin da nake nema

A zaunar da masana Hausa da injiniyoyin ruwa da likitoci, tare da marina da majema da masu haƙa da matan da ke tace koko, su fitar da ɗan littafin kalmomin ruwa, da boko da ajami. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da sauran tashoshi su riƙa maimaita kalmomin har su zauna a baki, kamar yadda "shan inna" da "rigakafi" suka zauna. Masarauta da ƙaramar hukuma su sa sharaɗin ramin kwantarwa ga duk mai wankin zinare. A auna rijiyoyin garuruwan haƙa, a karanta sakamakon da Hausa a ƙofar fada, kowa na ji.

Da na sake komawa gida, na zauna kusa da randar na ce, "Gwaggo, alif ɗinki yana kwantar da laka, wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma dalma ba ta kwanciya duka, ba ta kuma mutuwa." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To me ya hana ka faɗa mini haka tun wancan zuwan?" Washegari ta tura yara rijiyar tudu, mai nisan da ya ninka na rafi. Ita ma wannan rijiyar ba a taɓa auna ta ba, kuma a kan wannan nake jiran amsar hukuma.